Kuɗinmu na hannunsu, littafin ma na hannunsu

Shekara tara ke nan ina riƙe da ma'ajin kwamitin masallacin unguwarmu a nan Bauchi. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba: abin da aka samu a akwati ranar Juma'a, da gudummawar masu shaguna, da ɗan abin da wani bawan Allah kan aiko daga Abuja idan azumi ya matso. Duk da haka, bayan kowane wata uku sai an zauna bayan sallar isha'i na buɗe littafi na karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, har kuɗin man janareta da na gyaran famfon alwala. Kafin ranar zaman, akwai dattawa biyu da jama'a suka zaɓa da kansu, su ne ke karɓar littafin da rasidai su kwana biyu suna dubawa. Ba wanda ya taɓa zargina da cin ko kwabo, ni kuma ban taɓa jin an ci mutuncina ba don an duba ni. Hasali ma a daren da aka karanta lissafi aka ce an gamsu, barcina ya fi daɗi.

Abin da ke damuna shi ne, wannan ɗan sharaɗin da muke gindaya wa ma'ajin masallaci da uwar adashe, ba mu iya gindaya shi ga bankunan da ke riƙe da albashinmu da fanshonmu da jarin kasuwancinmu ba. Kuɗin na hannunsu, littafin na hannunsu, wanda zai duba littafin su ke biyansa, sakamakon dubawar kuma yakan tsaya a tsakaninsu da Babban Banki. Mai kuɗin shi ne na ƙarshen sanin halin da kuɗinsa ke ciki. Saboda haka nake tare da masu kiran a yi wa harkar banki bincike mai zaman kansa a bainar jama'a, kuma ina ganin mu mutanen Bauchi da Gombe muna da dalilin da ya sa bai kamata mu tsaya kallo ba.

Yayata bazawara ce, sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, da ita take riƙe marayu huɗu. Bara da kaka ta shiga kasuwar Muda Lawal sarin gyaɗa, ta miƙa katinta ga mai POS don ya ba ta naira dubu 85. Na'ura ta ce ciniki bai faɗa ba, amma kafin ta mayar da katin cikin jaka alat ya shigo an cire kuɗin. Mai POS ya nuna mata takardarsa, shi bai ga komai ba, kuma gaskiyarsa ce. Washegari ta bi layi a banki tun hantsi, aka ba ta fom, wani yaro ya taimaka ya cike mata. Yarinyar da ke kan kanta ta ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, matsalar netwok ce, ki dawo bayan kwana bakwai na aiki." Ta koma, aka ce ba a ga takardarta ba, ta sake cike wata. A zuwa na uku aka ce laifin ɗaya kamfanin ne, su ake jira. Da dare ta zo gidana ta zauna bakin tabarma ta ce, "Kai da ka yi boko, faɗa min, wa zan kai wa ƙararsu?" Na ce, "Yaya, ƙa'ida ita ce a fara kai musu kukan, a jira mako biyu, in ba su yi komai ba sai a rubuta wa Babban Banki." Ta yi shiru, sannan ta ce, "Wato su zan kai wa ƙarar kansu."

Bayan mako bakwai kuɗin suka dawo da tsakar dare, ba bayani, ba neman afuwa. Kafin nan gyaɗa ta tashi, abin da za ta saya da dubu 85 ya ragu, kuma ta ci bashi ta riƙe sana'ar a tsakani. Tun watan Yunin 2020 Babban Banki ya ce kuɗin da suka maƙale ta POS a mayar wa mai su cikin awa 72. Ƙa'idar na nan a rubuce. Abin da babu shi ne wanda zai tsaya wa yayata ya ce an saɓa ƙa'ida, a biya ta asarar da aka jawo mata. Duk mai karanta wannan ya san irin labarin, ko a kansa ko a kan wani nasa. Idan an haɗa da ƴan cire-ciren da ba ma kulawa da su, naira 10 ko 25 ko 50 na tura kuɗi, kuɗin saƙon alat, kuɗin kula da kati, naira 100 a kan kowace dubu 20 da ka cira a ATM ɗin wani banki tun watan Maris na 2025, za a ga kwabo-kwabo ne a wurin mutum ɗaya, amma a kan miliyoyin asusu dukiya ce mai yawa. Wasu cajin halal ne a doka, an rubuta su a jadawalin Babban Banki. Tambayata ita ce, wane ne daga waje yake bin su ɗaya bayan ɗaya ya tabbatar ba a ninka ba, ba a ƙirƙiro wanda babu shi ba, sannan ya zo ya faɗa mana abin da ya gani?

Wanda ya kai shekaruna a garin nan bai manta da Inland Bank ba. Banki ne da ya tashi daga nan Bauchi a ƙarshen shekarun 1980, tun Gombe na cikinmu, mutane suna kallonsa a matsayin nasu, wasu har suka sayi hannun jarinsa da kuɗin sallama daga aiki. Da Charles Soludo, gwamnan Babban Banki na lokacin, ya ɗaga jarin banki daga naira biliyan 2 zuwa biliyan 25 a 2004, bankuna 89 suka dunƙule suka koma 25. Inland ya haɗe da wasu uku aka samu First Inland Bank a 2006, wanda daga baya ya koma FinBank. Haka Bank of the North ya narke a cikin Unity Bank. An ce mana yanzu bankuna sun yi ƙarfi, kuma muka yarda. Shekarun 2007 da 2008 kowa ya tuna yadda aka yi rububin sayen hannun jarin bankuna, malaman makaranta da ƴan fansho da matan aure, ana ganin riba a jarida duk ƙarshen shekara.

Ranar 14 ga Agustan 2009 Sanusi Lamido Sanusi, yana da wata biyu a kujerar gwamnan Babban Banki, ya sauke shugabannin bankuna biyar a rana ɗaya: Afribank, Intercontinental, Oceanic, Union da kuma FinBank ɗin nan da namu ya shige cikinsa. Aka zuba musu naira biliyan 420. A watan Oktoba aka ƙara da wasu, jimillar kuɗin ceto ta kai biliyan 620. Abin da nake so a lura da shi a nan shi ne, waɗannan bankuna duk suna da oditoci na waje, manyan kamfanoni masu suna, kuma lissafin da ake bugawa yana fita da sa hannunsu. Suna da daraktoci, suna da kwamitin binciken kuɗi, suna aika rahoto ga Babban Banki a kai a kai. Duk waɗannan idanu ba su hana ɓarna ta taru ba, har sai da aka aika masu bincike na musamman daga Babban Banki da hukumar NDIC mai inshorar kuɗin masu ajiya suka zauna a kan littattafan. Nan aka ga basussukan da ba a biya, da waɗanda shugabanni suka ba kamfanonin da ke da alaƙa da su, da kuɗin masu ajiya da aka yi amfani da su wajen ɗaga farashin hannun jarin bankin kansa. Oditan da banki ke ɗauka, banki ke biya, banki ke iya sallama, ko da mutumin kirki ne, an ɗora masa nauyin da ya fi ƙarfin yawancin mutane. Kowa ya san wuyar faɗa wa mai ciyar da kai gaskiya mai ɗaci.

Wani abu guda da aka yi a lokacin wanda har yau nake yabawa shi ne buga sunayen manyan masu bashin a jaridu. A karon farko talaka ya ga su wane ne suka kwashi kuɗin, ya ga sunayen da yake ji a rediyo ana yi musu kirari. Amma hukunci ya yi tafiyar hawainiya. Shugabar Oceanic, Cecilia Ibru, ta amsa laifi a 2010, aka yanke mata wata shida aka ƙwace kadarori na kusan naira biliyan 190. Shari'ar tsofaffin shugabannin FinBank kuwa sai a 2021 wata kotu a Legas ta yanke hukunci a kanta, sama da shekara 11 bayan abin ya fashe. Shi bankin tuni FCMB ya saye shi a 2012. Dattawan da suka sa kuɗin sallamarsu a hannun jarin, da yawansu sun riga mu gidan gaskiya ba tare da wani ya tsaya gabansu ya yi musu bayanin abin da ya faru da guminsu ba. Ruɓaɓɓun basussukan kuma aka kafa hukumar AMCON a 2010 ta saye su, har yau tana bin tiriliyoyin naira, mafi yawansu a hannun ƴan tsirarun manyan mutane.

Da a ce an tsaya nan, sai mu ce darasi ne an koya. A watan Satumban 2018 aka soke lasisin Skye Bank, aka kafa Polaris a gurbinsa, aka zuba naira biliyan 786. A 2022 aka sayar da shi kan biliyan 50 a hannu da alkawarin biyan sama da tiriliyan ɗaya cikin shekara 25, kuma a watan Janairun 2024 Babban Banki ya rushe shugabancinsa tare da na Union da Keystone. Ranar 3 ga Yunin 2024 aka rufe Heritage Bank. Allah ya taimaki ƙananan masu ajiya, don wata guda kafin nan NDIC ta ɗaga inshorar ajiya daga naira dubu 500 zuwa miliyan 5. Wanda ajiyarsa ta haura haka, irin ɗan kasuwar hatsi ko ƙungiyar gama kai ko makaranta mai zaman kanta, sai ya jira a sayar da kadarorin bankin. Rabon farko da aka yi musu a 2025 bai kai kwabo 10 a kan kowace naira ba. Banki ba ya mutuwa dare ɗaya. Akwai waɗanda suka san yana jinya shekara da shekaru, suna da rahoton a teburinsu, manya masu kunne a ciki suka janye nasu, aka bar wanda bai sani ba yana ta kai ajiya har ranar da ya tarar da ƙofa a garƙame.

Za a ce ai akwai mai sa ido, Babban Banki ne. Gaskiya ne, kuma akwai ma'aikata masu amana a cikinsa. Sai dai shi kansa mai sa idon ya shafe shekaru ba a ga nasa littafin ba. Dokar da ta kafa shi ta 2007 ta wajabta masa gabatar da lissafinsa na kowace shekara, amma lissafin 2016 zuwa 2022 sai a watan Agustan 2023 aka fito da su gaba ɗaya, bayan an dakatar da gwamnansa Godwin Emefiele. Dokar ta ce rancen wucin gadi da zai ba gwamnatin tarayya kada ya wuce kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigarta na shekarar da ta gabata, amma bashin ya taru ya kai naira tiriliyan 22.7, majalisar dattawa ta amince a 2023 aka mayar da shi bashin dogon zango. Wannan kuɗi ba daga sama suka faɗo ba, kuma duk wanda ke sayen mudun masara ya biya nasa kason ta hanyar tsadar kaya.

Sai kuma canjin kuɗi, wanda ba sai na tuna wa kowa ba. A watan Fabrairun 2023 na ga Bafulatani a kasuwar shanu ta Mararrabar Liman Katagum ya karyar da sa don mai saye na da tsabar kuɗi a hannu, shi kuma ba shi da asusu, ba shi da waya mai karɓar alat, kuma iyalinsa na jiran hatsi. Na ga mata sun kwana a bakin ATM a titin bankuna. Muka sayi nairarmu da naira a hannun masu POS. Sai da jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka kai ƙara, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris, sannan aka fara numfashi. Har yau muna jiran a yi wa jama'a cikakken bayanin nawa aka buga na sababbin takardun, nawa aka ba kowane banki, ta ina suka bi suka isa gidajen biki da hannun ƴan canji alhali kanta babu ko sisi ba. Shugaba Tinubu ya naɗa Jim Obazee mai bincike na musamman a kan Babban Banki a watan Yulin 2023. Ya yi aikinsa ya miƙa rahoto, amma abin da muka samu guntaye ne da suka zurara zuwa jaridu. Binciken da aka yi da kuɗin jama'a a kan kuɗin jama'a, ya kamata a ɗora shi inda kowa zai karanta, wanda aka ambata a ciki shi ma ya samu damar kare kansa a fili.

Akwai matsala a ginin kansa. Gwamnan Babban Banki shi ne shugaban hukumar daraktocin da ya kamata ta sa masa ido. Gwamnonin kuma galibi daga cikin bankunan ake ɗauko su: Sanusi daga First Bank, Emefiele daga Zenith, Olayemi Cardoso ya shugabanci hukumar daraktocin Citibank a Najeriya. Ban ce wannan laifi ba ne, don sai wanda ya san ɗaki ke sanin inda yake yoyo. Amma idan mai hukunci da waɗanda ake hukuntawa duk ƴan gida ɗaya ne, suna zama a kwamiti ɗaya na shugabannin bankuna inda mai ajiya ba shi da kujera, to dole a samu wani ido daga waje. Ko ɗan'uwanka na jini ka ba ajiya, in dukiyar marayu ce, sai ka kira shaida.

Ba mu kaɗai abin ya shafa ba, kuma akwai inda aka gwada abin da nake nema. A Ostireliya mutane sun shafe shekaru suna kuka da bankunansu, gwamnati na cewa hukumomin da ke akwai sun wadatar. Da matsin ya yi yawa, a ƙarshen 2017 aka kafa hukumar bincike ƙarƙashin tsohon alƙalin babbar kotun ƙasar, Kenneth Hayne. Aka riƙa zama a fili, shugabannin bankuna na rantsuwa suna amsa tambaya, manoma da tsofaffi da ƙananan ƴan kasuwa suna ba da shaida. Nan aka gano ana cajin mutane kuɗin hidimar da ba a yi musu ba, har da waɗanda suka mutu ana ci gaba da cire musu. Rahoton ya fito a watan Fabrairun 2019 da shawarwari 76, shugabanni suka sauka, aka mayar wa mutane kuɗi masu yawa, kuma hukumomin sa idon kansu sun sha suka a ciki saboda sassaucin da suke yi wa bankuna. Bankunan ƙasar ba su rushe ba. Wannan ƙasa ce da ake ganin tsarinta ya fi namu tsafta, amma da aka ɗaga tabarma ga abin da aka tarar.

Irin wannan nake so a yi mana: hukuma da doka ta kafa, mai wa'adi, ƙarƙashin alƙali mai ritaya da aka shaide shi, da ikon kiran kowa da karɓar kowace takarda, daga bankunan kasuwanci har Babban Banki da NDIC da AMCON. Kada ta tare a Abuja da Legas. Ta zo Bauchi ta zauna, ta je Gombe, ta saurari mai sayar da hatsi daga Azare da malamin firamare daga Dukku da Hausa ko Fulatanci, a sa a rediyo kai tsaye. Na san abin da za a ce, don ni ma na faɗa wa kaina: mun ga kwamitocin bincike a ƙasar nan. Mun ga na tallafin man fetur a 2012, wanda shugabansa ya ƙare a gidan yari kan karɓar cin hanci daga wanda yake bincika. Mun ga kwamitin Oputa na binciken take haƙƙin ɗan Adam da aka kafa a 1999, wanda ya zauna a fili mutane suka yi kuka a gaban talabijin, amma gwamnati ba ta taɓa fitar da rahotonsa a hukumance ba. Wannan tsoro na gaskiya ne. Maganinsa a rubuta cikin dokar tun farko cewa rahoton zai fita ga jama'a a rana kaza, ko gwamnati ta so ko ta ƙi, kuma kada ɗan siyasa mai ci ko wanda banki ke bi bashi mai nauyi ya zauna a ciki.

Bincike na lokaci ɗaya ba zai share wa yayata hawaye ba, don haka abu na biyu ya fi kusa da zuciyata. A Birtaniya tun 2001 akwai ofishi mai zaman kansa da ke raba gardama tsakanin banki da kwastoma, kyauta ga mai ƙorafi, kuma in ya yanke hukunci mai ƙorafin ya amince, dole banki ya biya. Mu ma muna buƙatar irinsa, wanda ba reshen Babban Banki ba ne, da ofishi a kowace jiha, inda mace za ta shiga ta yi bayani da bakinta a rubuta mata, a ba ta lamba, a sa rana. Babu mai ɗaukar lauya a kan dubu 85, kuma bankuna sun san haka. Ranar da jinkirin mako bakwai ya zama yana da tara da diyya, a ranar za a ga netwok ya gyaru.

Sauran abubuwan ba sa buƙatar sabuwar hukuma, buɗe littafi kawai suke buƙata. Kowane banki a buga ƙorafi nawa aka kai kansa, nawa ya warware, cikin kwana nawa, da sunansa, yadda mutum zai zaɓi inda zai kai ajiyarsa da ido buɗe. A buga bashin da daraktoci da kamfanoninsu suka ci a bankin da suke jagoranta da wanda ba su biya ba. Sannan abin da ya fi shafar mu a nan: kowane banki ya faɗi nawa ya tara na ajiya a jihar Bauchi da Gombe, nawa ya bayar rance a cikinsu. Muna ganin motocin kuɗi na fita, amma mai injin casar shinkafa a Dadin Kowa ko mai sarin riɗi a Darazo in ya nemi rance sai a nemi takardar mallakar gida a babban birni. Yanzu da Babban Banki ya ɗaga jari zuwa naira biliyan 500 ga manyan bankuna da biliyan 200 ga na ƙasa, aka sake zuwa wurin jama'a neman su sayi hannun jari, wanda ya ga 2009 yana da haƙƙin ya nemi a nuna masa ciki kafin ya miƙa.

Ma'aikatan banki da na yi magana da su sukan ce harkar ta ginu ne a kan yarda, in aka fallasa rauni kowa zai ruga ya kwashe kuɗinsa, lafiyayyen banki ma ya faɗi. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, kuma ban ce a buga rahoton jinyar banki a ranar da aka rubuta shi ba. Ana iya sa wa'adi, bayan shekara biyu ko uku a fitar, kuma duk bankin da aka rufe ko aka ceta da kuɗin jama'a a fitar da cikakken tarihin yadda ya kai ga haka, da ranar da masu sa ido suka fara sani. Amma batun yarda, ina gayyatar mai wannan magana ya zo kasuwar Soro ko ta Alkaleri ya tambayi dillalai me ya sa da yawansu ke mayar da ribarsu dabba da buhu maimakon su kai banki. Jita-jita ta fi yaɗuwa inda ba a bayani. Saƙon murya ɗaya a WhatsApp ya isa ya tara layi a ƙofar banki, saboda mutane ba su da wata majiya da suka amince da ita da za ta ce musu ƙarya ne.

Mu ma akwai namu. Lokacin rancen manoma na Babban Banki da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015, mutane nawa ne a cikinmu suka karɓi taki da iri suka ce rabonsu ne na gwamnati, ba su biya ba? Binciken gaskiya zai taɓo shugabannin ƙungiyoyin manoma da ƴan siyasar da suka cusa sunaye, wasunsu maƙwabtanmu ne, kuma dole mu yarda da hakan in da gaske muke. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, waɗanda suka fara da Jaiz a 2012, su ma ba za a ɗauke musu ba don suna ɗauke da sunan addini. Su ne ma ya kamata su fara miƙa littafinsu, tunda aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, da marubuci mai adalci a tsakani, da shaidu.

Ba na jin haushin yarinyar da ta ce wa yayata ta dawo bayan kwana bakwai. Da yawa daga cikin waɗannan yara ma'aikatan kwantiragi ne, wani kamfani ya ɗauko su ya ba banki haya, albashinsu kaɗan, an ɗora musu adadin ajiyar da za su kawo, su ke shan zagin kwastoma a kan abin da aka yanke a hedikwata. Su ne kuma suka fi kowa sanin inda ake cuta. Tsarin tona asirin ɓarna da aka fito da shi a watan Disambar 2016 tsari ne na ma'aikatar kuɗi, ba shi da ƙarfin dokar da za ta hana a kori yaro a toshe masa hanyar samun aiki a wani banki in ya yi magana. Duk hukumar da za a kafa, sai ta ba irinsu damar ba da shaida a asirce da kariya ta doka, in ba haka ba manajoji kawai za a ji.

Harkar banki na hannun gwamnatin tarayya, majalisar jiha ba ta da ikon yin doka a kanta, don haka ƙofar da za mu ƙwanƙwasa ita ce ta sanatocinmu da ƴan majalisar wakilai. Na rubuta takarda ga wakilinmu, shafi biyu, da Hausa da Turanci, ina neman ya gabatar da ƙudurin ofishin raba gardama da na bincike a fili, ya kuma nemi a fitar da rahoton Obazee. Na liƙa kwafin fom biyun da yayata ta cike, da izininta, bayan na rufe lambar asusunta. Shugabannin ƴan kasuwar layinmu sun ce za su sa hannu, ƙungiyar ƴan fansho ta ce a kawo mata ranar taronta na wata. Yaya ba ta iya rubutu ba, amma ta ce a kawo mata tawada za ta dangwala, kuma in an kira zama a Bauchi ita ce za ta fara tashi ta yi magana.